Birkilan Jamus da Soron Mahaifina

Shekarun baya, lokacin da nake ganin na san gini don kawai ina sayar da tayil, na haɗu da wani dattijo Bajamushe a Dubai. Na daɗe ina son in ba ku labarinsa, sai yau na samu zama.

A lokacin sana'ata ita ce sayo kayan ƙarasa gini: tayil, tagogin alminiyam, famfunan banɗaki, makullan ƙofa. In sauka a wani ƙaramin otal a Al Rigga, in yi mako biyu ko uku ina zagaya shaguna, in tara kaya a sito a Al Warsan, in cika kwantena a tura Kano. Na iya ɗan Larabcin kasuwa irin su "yalla" da "khalas" da "shwaiya shwaiya", don haka ina jin na zama ɗan gari. Gaskiya kuwa abin da na sani a garin bai wuce hanyar otal zuwa shago, shago zuwa sito, sai gidan abincin da 'yan Kano ke haɗuwa ba.

Wata rana da hantsi ina wani shagon tayil a Al Khabaisi, ina waya da ƙanina ina ɗaga murya kamar yadda muka saba, sai na ji an ce daga bayana, "Sannu da aiki." Na juya ina neman Bahaushe. Babu kowa sai wani Bature dogo, tsoho, zaune a kan kujerar roba da kofin shayi a hannu, sandarsa jingine a gwiwa.

Ya ce, "Kano ko Zariya?"

Na ce, "Kano."

"Cikin birni ko waje?"

A nan na kashe wayar. Ya ce yana saurayi ya yi shekara huɗu a Kano, suna gina wata masana'anta a wajen Bompai. Hausarsa ta tsufa, ta yi tsatsa, don haka rabi da rabi muke yi da Turanci, amma duk zan kawo muku maganarsa da Hausa. Na tambaye shi ko tayil ya zo saya. Ya nuna rufin shagon da sanda ya ce shi ya ɗora wannan benen tun mai shagon yana ɗan makaranta, yakan zo ne ya sha shayi ya duba ko ya tsage.

Na ce, "Ashe injiniya ne kai, yallaɓai."

Ya ce, "A'a. Birkila ne ni. Kada ka ƙara mini girman da ban yi wa karatu ba." Sannan ya tambaye ni sana'ar mahaifina.

Na ce, "Ɗan kwangila ne."

Ƙarya na yi. Mahaifina magini ne, maginin ƙasa, kamar yadda kakana yake. Da tubali da azara ya ciyar da mu. Tun ina ƙarami nake jin kunyar abin, saboda a makaranta 'yan ajinmu kan ce mini ɗan mai taka laka. Na girma, na yi fasfo, na hau jirgi, amma kunyar ta biyo ni har cikin shagon tayil a Dubai, na kasa faɗa wa wani tsohon birkila cewa ubana magini ne.

Kafin mu rabu ya ce idan ina da sarari ranar Asabar da safe, in same shi a bakin ruwa ya nuna mini garin. Na amsa da sauri. Ba don son ganin gari ba, kada ku ɗauke ni mutumin kirki. Na yi tunanin Bajamushen da ya yi shekara arba'in yana gini a nan dole ya san inda ake samun kaya da sauƙi.

Ranar Asabar muka hau ɗan jirgin ruwan nan na katako da ke tsallakar da mutane, muka sauka a ɗaya ɓangaren. Ya shigar da ni wasu lunguna masu ƙunci, waɗanda mutum biyu ba sa jerawa sai sun goga kafaɗa. Gidajen launin ƙasa ne, ƙofofinsu na katako masu nauyi, a saman kowane gida akwai wata doguwar hasumiya mai tsaga-tsaga. Ya ce sunanta barjil, ita ke kamo iska daga sama ta sauko da ita cikin ɗaki, tun kafin a san na'urar sanyaya ɗaki. Ya sa ni na tsaya a ƙarƙashin ɗaya. Iska ta sauko mini a ƙeya, a ranar da waje ke ƙuna kamar bakin murhu.

Ya sa na shafa bango, ya ce da duwatsun cikin teku aka yi shi. Ya nuna mini itatuwan rufi, baƙaƙe, ya ce daga gaɓar Afirka ta gabas ake kawo su a jirgin ruwa, kuma tsawonsu shi ke yanke faɗin ɗaki. Ya ce, "Kamar azararku ta giginya. Itace ne ke faɗa wa magini inda zai tsaya." Na gyaɗa kai kamar wanda ya taɓa jin labarin azara daga nesa.

Duk inda muka bi, tsofaffin Larabawa suna miƙa masa hannu. Wani ya tsayar da shi ya ce ya tuna sunan mutumin da ya sassaƙa ƙofar gidan kakarsa. Nan take dattijon ya zaro ɗan littafi daga aljihu ya rubuta. A aljihun hagu littafi, a na dama tef ɗin awo. Haka na san shi har muka rabu.

Ban samu ragin kaya ba, amma na koma wurinsa Asabar ta gaba, da wadda ke bin ta. A waɗannan zaman ne ya ba ni labarinsa, kaɗan-kaɗan, ba a jere ba.

An haife shi a wani gari da yaƙi ya niƙe. Abin da ya fara tunawa a duniya shi ne mahaifiyarsa da wasu mata a kan tulin kango, suna tsince jan bulo suna kankare tsohon siminti da guduma, don a sake gini da shi. Yana shekara goma sha huɗu aka kai shi koyon birkila. Daga nan wani kamfani ya ɗauke shi zuwa Kano, daga Kano ya wuce Dubai, lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa kowa yana son bene. Ya zama shugaban ma'aikata. Ya ce, "A ba ni unguwa da safe, kafin la'asar na mayar da ita fili. Ina alfahari da hakan a lokacin. Na taso na ga kango, don haka a wurina duk wani sabon gini alheri ne."

Akwai gida ɗaya da ya tsaya masa a rai. Ranar da suka je rushe shi, wani tsoho ya zo ya tsaya a gefe yana kallo. Ba mai gidan ba ne, mai gidan ya riga ya koma sabon gida yana murna. Wannan shi ne wanda ya gina gidan. Katafila ta gama da shi kafin azahar. Tsohon bai yi faɗa ba, bai yi kuka ba. Ya matso ya ce wa mai fassara ya faɗa wa Baturen cewa ta gefen da bai dace ba ya fara, da ya sauke itatuwan rufin tukuna, da sun ƙara rufe wani ɗakin shekara hamsin. Dattijon ya ce, "Dariya na yi. Na ce a faɗa masa yanzu ƙarfe ake sa wa."

Bayan shekara tara ya faɗo daga kan katakon hawa gini, ƙugunsa ya karye. Wata takwas yana kwance. Don rage zaman banza ya ɗauki fensir ya ce bari ya zana gidan nan daga ka. Ya kasa. Bai san ta inda matakala ta hau ba, bai san yadda aka ɗaure hasumiyar da bango ba. Shi da ya rushe irinsu da dama, bai taɓa shiga ɗaya ya duba ba. Da ya miƙe ya je neman tsohon maginin, aka ce masa ya rasu shekara biyu da suka wuce.

Bai koma kan gini ba. Ya ɗauki tef da littafi ya shiga bin sauran gidajen da ba a kai ga rushewa ba, yana aunawa, yana zanawa, yana zama da tsofaffi yana tambayar wa ya gina, da me, daga ina aka kawo. Wani gidan da safe zai auna, da yamma a rushe. Da farko mutane sun ɗauka faɗuwar ta taɓa masa kai. Masu digiri ba sa kiransa taro. Daga baya, da gari ya farga ya fara gyara abin da ya rage, su ne suka riƙa hawa matakalar gidansa a Deira suna tambayar yadda wata taga take a da. Matarsa ta gaji da zafi da ƙura ta koma Jamus, can ta rasu. 'Yarsa ɗaya tana can. Shi ya zauna da kwalayensa.

A daidai wannan lokacin, kwantenar da nake haɗawa ba ta kasuwa ba ce duka. Rabin kayan na gidanmu ne. Na yanke shawarar rushe gidan mahaifina a cikin birni in ɗora na bulo. Da na faɗa wa Baba, cewa kawai ya yi, "Gidanku ne." Na ɗauki wannan a matsayin izini, ban ƙara tambaya ba. Ƙanina shi ke kula da aikin.

Wata Asabar muna zaune a wurin mai shayi sai ƙanina ya turo hotuna. An gama sauke ɗakunan baya, saura soron ƙofar gida. Ina dubawa ne dattijon ya ce in ba shi ya gani. Ya kai wayar kusa da idonsa sosai, domin ganinsa ya fara rauni. Hoton rufin soron ne daga ciki, inda baka huɗu, irin ginin nan mai lanƙwasa da magina ke kira bakan gizo, suka taso daga bango suka haɗu a tsakiya. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Wa ya gina wannan?"

Ya jira.

Na ce, "Mahaifina."

"Ɗan kwangilar?"

Na ce, "Magini ne. Ƙarya na yi maka."

Bai ce komai a kan ƙaryar ba. Ya tambaye ni faɗin soron, na ce ban sani ba. Azara hawa nawa ce a kowane baka, ban sani ba. Kwana nawa ake bari tsakanin hawa da hawa, da me aka ɗaure, yaushe aka gina. Ban sani ba. A cikin soron nan aka raɗa mini suna, a nan na yi karatun allo, daga nan aka ɗauki kuɗin aurena. Ko sau ɗaya ban taɓa ɗaga kai na duba da niyyar dubawa ba.

Ya ce, "Yaushe za a rushe?"

"Jibi."

Ya miƙo mini wayar. Ya ce, "Ba zan ce maka kada ka rushe ba. Ba ni da bakin faɗar haka, na rushe abin da ya fi naka yawa. Kuma mutane suna da haƙƙin kwana a ɗakin da ba ya yoyo. Amma ni da na koma neman nawa maginin, kabari aka nuna mini. Naka yana zaune a gida."

Na kira ƙanina na ce a dakata. Ransa ya ɓaci, kuma da gaskiyarsa. Ya ce, "Yaya, an riga an yi magana da mai katafila, ga iyali duk sun takura a gidan maƙwabta, damina kuma ta kusa. Wai me ya faru?" Na ce ina zuwa. Na bar kayan a sito, na canza tikiti, bayan kwana uku ina Kano. Dattijon ya ba ni sabon littafi da tef ɗin awo, ya rubuta mini tambayoyi shafi biyu.

A hanya na riga na tsara abin da zai faru. Zan shiga in ce an fasa rushe soro, Baba ya yi farin ciki, a sa mini albarka. Na same shi zaune a kan buzu a cikin soron, wanda shi kaɗai ne ginin da ya rage a tsaye a filin. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa na canza shawara, za a bar soron.

Ya dube ni ya ce, "Miƙo mini sandar can."

Ya miƙe da ƙyar, ya ƙwanƙwasa ƙafar baka ɗaya, ta yi ƙara mai nauyi. Ya ƙwanƙwasa ta biyu, ta yi ƙara kamar an bugi ƙwarya. Ya ce, "Ka ji? Gara ta cinye ta. Shekara uku ke nan da na sani. In soron nan ya ga damina biyu nan gaba, to a kan wani zai sauka. Ni na gina shi, na san ya gama."

Na fito da littafin na ce wani Bature birkila ne ya aiko ni da tambayoyi. Na fara karanto masa. Ya saurari uku ko huɗu, sannan ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Wannan ba a faɗarsa da baki. In kana son ka san yadda aka ɗora shi, sai a sauke shi a gabanka. Amma ba da katafila ba. Da hannu, daga sama."

Ƙanina ya riƙe kai. Mahaifiyata kuwa ta leƙo daga gidan maƙwabta ta ce ita shekara talatin tana tara kwanuka a ƙarƙashin yoyo, in dai ba za a fasa mata ɗakinta mai tayil ba, mu yi ta aune-aunenmu.

Kwana tara muka yi. Baba ya aika aka kira wasu tsofaffin abokan aikinsa biyu, ɗaya ya koma sayar da gawayi, ɗayan gadi yake yi. Ranar farko na fito da shadda da hula, ina tsaye da littafi kamar mai duba gari. Baba ya ce, "Rubutu da yamma. Hau." Rana ta biyu da tsohuwar rigar ƙwallon ƙanina na fito. Rana ta uku tafin hannuna ya yi ruwa ya fashe. 'Yan unguwa suna wucewa suna cewa Alhajin Dubai ya koma lebura.

Muka fara kankare makuba, wannan shafen da ake yi da ɓawon ɗorawa don kada ruwa ya shiga. Sannan ƙasar rufi, sannan zanar da aka shimfiɗa, sannan azara. Baba yana zaune a kan kujera a ƙasa, bai iya hawa ba, amma kafin mu taɓa kowane wuri sai ya faɗi abin da za mu tarar. Ya ce a kusurwar gabas akwai azara ɗaya mai lanƙwasa da ya juya cikinta sama, muka tarar. Ya nuna mini yadda ake jera su, kan wannan a gindin waccan, babu tsakanin da yatsa zai shiga. Da muka zo kan baka, na ga yadda aka miƙo azara daga bango kaɗan, aka ɗaure, aka yaɓe, aka bari ta bushe, sannan aka ƙara miƙo wata a kanta, har ɓangarorin suka haɗu a sama ba tare da an tokare da komai ba.

A baka na uku muka tarar da igiya iri biyu a ɗauri ɗaya. Baba ya ce a miƙo masa. Ya juya ta a hannu ya ce, "Nan kakanka ya sa na warware sau uku. A na ukun igiyata ta ƙare, ya kwance ta rijiya ya ba ni. Shekarar da zan auri uwarku ce. Ya ce ba zai kai mini kayan aure ba sai bakan nan ya tsaya."

A rana ta shida, bayan la'asar, kowa ya tafi, saura ni da shi. Ina wanke ƙafa a bakin buta na ce, "Baba, akwai abin da na yi. Baturen nan ya tambaye ni sana'arka, na ce kai ɗan kwangila ne."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Wa ya faɗa maka?"

"Ba sai an faɗa ba. Tun kana sakandare, in ka hango ni a kan gini kana tare da abokanka, sai ka karya kwana. Daga sama ana ganin komai."

Ban iya ɗago kai ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Tuntuni. Ni ma don kada ka taka laka na sa ka a makaranta. Tashi ka rubuta na yau kafin ka manta."

Bayan wata biyu na koma Dubai da littafin cike. Na hau matakalar gidan dattijon a Deira na tarar ƙofa a buɗe, kwalaye a jere har cikin baranda. Wata mata mai kama da shi ta tarbe ni, ta ce ita ce 'yarsa. Ya samu ɗan shanyewar ɓarin jiki, ganinsa kuma ya kusa tafiya gaba ɗaya, ta zo ta tafi da shi gida. Kwalayen an ba wa masu kula da kayan tarihin garin, washegari za su turo mota.

Yana zaune kusa da taga, ya rame. Da ya ji muryata ya ce, "Ɗan Kano. Ka auna?"

Na ce, "Na auna. Mun sauke shi da hannu."

Ya ce in karanta masa. Na zauna a kan kwali na fara. Ya rufe ido yana saurare, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa kamar yana jera wani abu. Da na zo kan faɗin soron da tsawon azarar hawan farko, ya ce in maimaita. Na maimaita.

Ya ce, "Wannan ba zai tsaya ba. Ko dai ka yi kuskure, ko mahaifinka mai sihiri ne. Kira shi."

Na kira ƙanina ta bidiyo, ya kai wa Baba wayar. Na yi bayani. Baba ya ce, "Na ce maka kamu huɗu da taƙi ɗaya. Da hannun wa ka auna kamun?" Na ce da nawa, don azarar ta karye wajen saukewa. Ya ce, "To kamuna ba naka ba ne. Hannunka bai kai ba." Ƙanina ya auna hannun Baba daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, na gyara lissafin. Dattijon ya ƙirga a ransa, sannan ya ce, "Yanzu ya tsaya."

Daga nan suka manta da ni. Ni dai riƙe waya ne aikina, sai in an maƙale in fassara. Hausar dattijon ta riƙa dawowa, kalmomin da ya manta shekara arba'in. Ya tambayi yadda ake gane ƙasa ta nuna bayan an kwaɓa, Baba ya ce da tafin ƙafa ake ji. Baba ya tambayi yadda ake sassaƙa dutsen teku. Sun fi awa ɗaya. 'Yar tana tsaye a bakin ƙofa da tef ɗin liƙe kwali a hannu, ba ta jin ko kalma ɗaya, ba ta kuma motsa ba.

Can Baba ya ce, "Tambaye shi, su nasu na siminti da ƙarfe, shekara nawa suke yi?"

Dattijon ya amsa da kansa. Ya ce, "Da yawa daga cikin waɗanda na gina an rushe su ina kallo. An ce sun yi gajarta."

Baba ya ce, "Ashe duk ɗaya ne. Allah Ya ba mu haƙuri." Ya ƙara da cewa, "In ka zo Kano, wurina za ka sauka."

Dattijon ya ce, "In sha Allahu, Malam."

Ya sa 'yarsa ta ɗauki hoton kowane shafi na littafin, ya ce ainihin littafin na gidanmu ne, in mayar. Bayan kwana huɗu suka tafi. Shekara ba ta zagayo ba ta turo mini saƙo cewa ya rasu, a wani gidan kula da tsofaffi a garin da aka haife shi. Ta ce har ƙarshe yana damun ma'aikatan wurin da cewa an yi kuskure wajen ɗora matakalarsu.

Ba na ba ku wannan labarin don in ce kada a rushe gidajen ƙasa ba. Gidanmu na bulo yana nan, mahaifiyata tana kwana ba ta tashi tara kwano, kuma ban yi nadamar wannan ba. Har yau tayil nake sayarwa. Abin da ke damuna shi ne na yi shekara arba'in a gida ɗaya da mutumin da ya san abin da babu shi a kowane littafi, sai da wani baƙo daga wata duniya ya tura ni kafin na tambaye shi. Saura kwana biyu kacal da na rasa.

Baba ya ga damina biyu a sabon gidan. Ranar da ya rasu, ana shirin tafiya maƙabarta, mahaifiyata ta kira ni ta ce in duba bayan tankin ruwa, akwai abin da ya ce a ajiye masa. Na tarar da ɗauri a naɗe cikin buhu. Ashe cikin azarorin da muka sauke ya ware waɗanda gara ba ta taɓa ba, ya sa an yanka su daidai faɗin kabari, bai faɗa wa kowa ba sai ita.

Da aka sanya shi a makwancinsa, masu haƙa suka miƙo hannu za su karɓi azarorin su rufe. Na ce su bari. Na sauka na jera su da kaina, kan wannan a gindin waccan. Ɗaya daga cikin tsofaffin abokan aikinsa ya sunkuya ya gwada sa yatsa a tsakani, bai shiga ba. Ya ce, "A kawo ƙasa."